Gadon Mai Biro

Takarda ce ta jawo masa. Da da baki aka faɗa masa, da duk wannan bai faru ba.

Mai Fenti ya shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalma. Aji uku ya yi a makaranta aka cire shi. Yana karatu, amma da yatsa, harafi bayan harafi, leɓe na motsi. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya ja layi da buroshi sai ka rantse gwadawa ya yi. Amma tun da masu inji suka zo suna buga allo a kan leda cikin awa guda, aikinsa ya koma lambar gida da "Ba a zuba shara a nan."

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya ɗaya ta rage masa a kusa, Auta, kuma tana aure a gidan wani babban mutum. Wannan surukin nasa, uban mijin Auta, shi aka naɗa ciyaman na wani kwamiti da aka kafa don jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido su zo su ga gidajen marubutan yankin da littattafan da suka bari. Ana bukatar tambari, wato ɗan zane guda da za a sa a kan alluna da riguna da takardun kwamitin. 'Yan kwamiti suka so a ba yaran kwamfuta. Ciyaman ya tsaya kai da fata sai an ba surukinsa, ya ce aikin tunawa da masu rubutun hannu ai hannu ya kamata ya zana shi.

Aka aiko wa Mai Fenti da takarda a ambulan. Ya goge hannu a wando, ya ɗora yatsa, ya karanta: "A zana mana tambari mai nuna Gadon Marubutanmu. Ya zama mai sauƙi, wanda ko daga cikin mota za a gane shi."

Sau uku ya karanta. Sai ya gyaɗa kai ya ce a ransa, ashe mutanen nan sun san abin da suke yi. Don shi marubuci ɗaya ya taɓa sani a duniya, mijin yayarsa, wanda gari ke kira Mai Biro. Mutumin nan ya faɗo daga rufin ɗaki yana da ƙarfinsa, ƙafafunsa suka mutu, ya shekara goma sha tara a kan gado, kuma duk littattafansa a nan ya rubuta su, da faifan katako a cinya. In an ce gadon marubuci, wane gado kuma za a nema?

Washegari da hantsi ya sa fensir a kunne ya tafi gidan Yaya.

Yaya ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau da furfura a gemunsa kallon yaro take masa. In za ta yi masa faɗa, Gwani take kiransa. Ya same ta zaune a bakin gadon tana ɗinke matashi. Ɗakin yadda Mai Biro ya bar shi yake: littattafai ɗaure da igiya a kan kanta, rediyo marar murfin batir, taga guda mai kallon bangon maƙwabci. Gadon na ƙarfe ne, kore a da. Sandar wajen ƙafa ta lanƙwashe ciki, saboda a nan marigayin ya ɗaura igiyar da yake ja ya tashi zaune.

"Gwani, me ya kawo ka da fensir a kunne? Ni ba ni da shago."

"Gadon nan zan zana, Yaya. Aikin kwamitin surukina ne."

Ta soke allura a matashin. "Me kwamiti zai yi da gadona?"

"Hoto ne kawai. Don a tuna da Malam."

"Da yana kwance a kai wa ya tuna da shi? Wa ya taɓa kawo masa ko ƙwayar biro?"

"Haba Yaya."

"Yau hoto. Gobe kuma su zo da mota."

"Wallahi babu mai taɓa miki gado. Ni na ce miki."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ka ce," ta ce, ta matsa gefe.

Kwana huɗu ya yi a kan zanen. Ya zubar da duk abin da ba dole ba, har ya rage layi tara: ƙafafu huɗu, shimfiɗa, sandar kai, sandar ƙafa da lanƙwasarta, igiya, da biro guda a kwance inda mutum zai kwanta. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Asibiti za a buɗe?" Mai Fenti ya ce masa ya koma ya ji da agogunan mutane da yake kashewa.

Ranar taro ya sa rigarsa mai kyau ya hau benen laburare. Dogon tebur, mutum takwas, fanka tana juyi kamar an tilasta mata. Ciyaman yana kan gaba. A damansa Sakatariya, wata yarinya mai kwamfuta da saurin magana. A hagunsa wani tsohon hedimasta wanda tun farko bai so a ba Mai Fenti aikin ba.

"Bismillah, surukina," in ji Ciyaman. "Nuna musu hannu."

Mai Fenti ya warware kwalin ya ɗaga.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa.

"Gado!" ya ce da ƙyar. "Jama'a, gado ya zana mana! Ina katifa, Malam? Ina gidan sauro?"

Tebur ya ɗauka. Wani har da buga ƙafa. Sakatariya ta danne tata dariyar ta ce, "Baba, ba gadon kwanciya ba. Gaado. Abin da magabata suka bar mana. Gaadon marubutanmu."

Da ta ja muryar nan take ya gane. A baki ko jariri ba zai haɗa su ba. A takarda kuwa haruffa huɗu ne iri ɗaya, kuma waɗanda suka koya wa mutane rubutu ba su ga ya dace su bambanta su ba. Ya dubi Ciyaman, ya ga mutumin ya sunkuyar da kai yana juya murfin biro. Mai Fenti ya tuna da daren nan za a ba da labarin a gidan da Auta take aure, tana kawo ruwa tana ji.

Da ya naɗe kwalinsa ya yi shiru, da an yi dariya mako guda an manta. Amma kunya ba ta barin bakin mutum ya zauna lafiya.

"Ku yi dariya," ya ce. "Amma wannan ba gadon banza ba ne. Na Mai Biro ne. Littattafan nasa da kuke taƙama da su, a kan wane tebur kuke zaton ya rubuta? Wannan lanƙwasar, igiya ce ta yi ta. Shekara goma sha tara yana jan kansa ya tashi ya rubuta muku. Ni na gani da idona."

Dariya ta mutu. Sakatariya ta miƙe ta zagayo ta karɓi kwalin, ta riƙe shi nesa da fuskarta.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Ciyaman, "wannan fa ya fi duk abin da muke tunani. Kowa alƙalami da buɗaɗɗen littafi yake sawa, har an gaji. Wannan kalma ɗaya ce ma'ana biyu. Baƙo zai tsaya ya tambaya, kuma da ya tambaya mun kama shi."

Ciyaman ya ɗago kamar wanda aka ciro daga rijiya. "Ashe da gangan surukina ya yi! Hedimasta, ka ji ko? Mu da muka yi karatun ne ba mu gane ba."

Mai Fenti ya gyaɗa kai. In ya ce kuskure ne, ya sake tura surukinsa cikin rijiyar.

"Gadon yana nan?" in ji Sakatariya.

"Yana nan."

"Alhamdu lillahi. Sai a kawo shi ɗakin baje koli na ƙasa, a kewaye shi da igiya. Tambari a bango, ainihin gadon a gabansa."

"Ai yayata tana kwana a kai."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Ciyaman. "Sabo za mu kai mata, mai katifa mai kauri. Da kaina zan je in roƙe ta. Ai gida ne."

Aka tafa. Aka rubuta a littafin taro. Aka ba shi aikin alluna arba'in, kowanne da tambarin, don a kafa a kan hanyoyi da ƙofofin gidaje.

Kwana biyu yana bin wata hanya don kada ya wuce ta ƙofar Yaya. A na uku ya shiga. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi rufin ɗaki. Ta bar shi har ya ƙare.

"Yaushe motar za ta zo?" ta ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Fuskarka."

Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata komai, har da dariyar Hedimasta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗora hannu a kan lanƙwasar sandar.

"Sau huɗu a yini nake juya shi a nan, don kada bayansa ya yi gyambo. A nan na aske shi. A nan ya karanta mini duk abin da ya rubuta kafin kowa ya ji, in na ce babu daɗi ya yage. A nan ya cika, kaina a wannan gefen. Yanzu in na kwanta, ramin da ya bari a wayar gadon shi ke riƙe mini baya. Katifa mai kauri! In kwanta a kai in yi mafarkin wa?"

"Sai ki ce musu a'a, Yaya. Naki ne."

"In surukinka ya tako da ƙafarsa ya durƙusa a ɗakin nan, in ce masa a'a? Auta fa? Gobe a ce dangin matar ɗansa sun watsa masa ƙasa a ido a gaban kwamiti? Ka san ba zan iya ba. Zan ce ya ɗauka, in yi masa godiya ma." Ta ɗauki allurarta. "Kai ka ce babu mai taɓawa, Gwani. Ban roƙe ka ka rantse ba."

Ya fito ya rasa inda zai nufa. Ya je ofishin Ciyaman da niyyar faɗin gaskiya, ya tarar an riga an buga tambarin a kan riguna, Ciyaman yana sanye da ɗaya a kan babbar rigarsa yana nuna wa baƙi. "Ga mai hannun nan!" ya ce, ya rungume shi. Ya je wajen Sakatariya ya ce ko a sa hoton gadon kawai, ta ce an riga an gaya wa 'yan jarida za su ga na gaske. Ya koma shago, alluna arba'in farare jingine da bango sun cinye wurin, ko juyawa ba ya iya yi sai ya goge ɗaya da kafaɗa. Duk wanda ya ɗauka, gadon zai zana. Ya zana goma sha ɗaya, yana ji kamar da hannunsa yake fitar da shi daga ɗakin Yaya ƙafa bayan ƙafa.

Ciyaman ya aiko cewa ranar Asabar zai je gaida tsohuwa.

Ranar Alhamis da azahar Mai Fenti ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gadonsa, kansa cikin hannuwa. Gadon ya yi kukan da ya saba, sau biyu, ƙii, sannan ƙaƙ. Sai ya ɗago ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Kore ne shi ma. Shekarar da zai yi aure, Mai Biro, lokacin yana da ƙafafunsa, shi ya raka shi wurin mai waldar da ya yi nasa, ya ce a yi wa ƙanen matarsa irinsa sak. A kan wannan gadon aka haifi Auta. A kansa uwarta ta yi jinyarta ta ƙarshe.

Sannan ya tashi ya naɗe katifa.

Ya jira har maƙwabciyarsa ta tayar da injin niƙa don ƙararsa ta rufe tasa, ya naɗe guduma da tsumma, ya fara dukan sandar ƙafa. Ya kafa kwalin tambarin a bango yana dubawa. Abin da igiya ta yi cikin shekara goma sha tara, shi ya yi kafin la'asar. Ya kankare fenti inda hannu zai riƙa taɓawa, ya shafa toka da kananzir, ya ɗiga tawada a gefen dama inda biro zai riƙa faɗuwa. Ya hau tsakiyar wayar ya yi ta tsalle da tsufansa har ta yi rami. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma bai taɓa ƙin ganin aikinsa kamar wannan ba.

Da safe ya je wa Ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Ta yarda. Amma ta ce ba ta son taro, ba ta son sabon gado, kuma kada kowa ya shigar mata ɗaki. Ni zan kawo da kaina."

"Allah sarki, tsohuwar kirki. Ka ce mun gode."

Ya ɗora shi a kura ya tura har laburare.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Gadon yana tsakiya, jar igiya kewaye da shi, tambarin a bango da girmansa. Hedimasta yana yi wa wasu baƙi bayanin kalma ɗaya mai ma'ana biyu kamar shi ya ƙirƙiro. Auta ta zo cikin matan gidan mijinta, da goyo a baya, ta hango ubanta ta yi murmushi, irin murmushin da ya daɗe bai gani ba. Ya ce a ransa, to, ko don wannan.

Ciyaman ya gama jawabi, ya tsallaka igiya don a ɗauki hoto, ya zauna a bakin gadon.

Ƙii. Ƙaƙ.

Mutane suka yi dariya. Auta ba ta yi ba. Wannan kukan shi ne ke gaya mata uwarta ta tashi da asuba, tun tana rarrafe. Fenti yana rufe komai, amma ba ya rufe murya. Ta juyo ta dubi ubanta, shi kuma ya dubi takalminsa.

"Surukina, zo ka ba su labarin da bakinka," in ji Ciyaman.

Ya fito. Ya faɗi faɗowa daga rufi, ya faɗi faifan katako, da igiya, da shekara goma sha tara, da matar da ke juya mijinta sau huɗu a yini. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban da abin da hannunsa ke nunawa. Wata baƙuwa ta share hawaye. Sakatariya ta raɗa masa cewa daga yanzu duk Asabar zai riƙa zuwa yana ba baƙi wannan labarin, don babu mai iya faɗarsa kamar shi. Ya ce to.

A bakin matakala Auta ta tare shi. Ta durƙusa kamar gaisuwa za ta yi, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, a ina kake kwana?"

"Tabarma ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Gadon Inna ne."

"Na goggonki yana ɗakinta. Shi ke nan abin da nake so ki sani."

"In aka tambaye ni fa?"

"Wa zai tambaye ki?"

"A gidansu nake, Baba. Kullum maganar gadon nan ake yi a tsakar gida. Jiya har cewa aka yi in ba da labarin yadda nake wasa a ƙarƙashinsa ina yarinya."

"Ai kin yi wasa a ƙarƙashinsa."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Aka kira ta daga ciki, ta gyara goyo ta tafi.

Allo na arba'in na ƙofar gidan Yaya ne. Ya kai shi da kansa da hantsin Litinin, da ƙusa huɗu a baki. An rubuta a ƙarƙashin tambarin: "A nan Mai Biro ya zauna. Gadonsa yana laburare." Yana cikin bugawa ta leƙo.

"Karanta mini," ta ce.

Ya karanta mata, da yatsa.

"Na wa ka kai musu?"

Ya ci gaba da buga ƙusa. Ta dubi yadda yake dafe ƙugu in zai miƙe, ta gane. Ya jira ko za ta yi godiya, ko za ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. A can bakin layi wata farar mota ta tsaya, mutum uku suka fito da kyamara a wuya suna duba takarda.

Yaya ta koma ciki da sauri irin na tsofaffi. Ta ƙofar da ta bari a buɗe ya ga ta ciro tsohon zane, ta lulluɓe lanƙwasar sandar, ta ɗaure gam, ta ja labulen taga, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka.

"Gwani," ta ce daga ciki, "ja mini ƙofar nan. Ka tsaya a wurin. In sun tambaya, ka ce tsohuwar ba ta da lafiya."

Ya ja ƙofar. Ya juya ya ba ta baya, guduma a hannu, ƙusa ɗaya saura a baki, yana kallon baƙin suna tahowa suna murmushi.